Zango Kafin Tafiya: Jawabi Ga Masu Ziyarar Tsofaffin Birane Da Mota



Wannan jawabi an shirya shi ne domin magidantan da kan ɗauki iyalinsu a mota, lokacin hutun makaranta ko bayan salla, su tafi ziyarar tsofaffin biranen ƙasar nan. Al'ada ce mai kyau wadda ta cancanci a ƙarfafa ta, balle ga waɗanda aiki ko kasuwanci ya zaunar da su a Ikko ko Ibadan ko Fatakwal, 'ya'yansu suka tashi suna jin sunan Dala da Kusugu da Gobarau a bakin iyaye, amma ba su taɓa ɗora ido a kan ko ɗaya ba. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, ba kuwa wanda zai musa. Sai dai akwai kuskure guda wanda masu irin wannan tafiya suka cika yi. Maigida yakan zauna ya lissafta garuruwan da za a gani, ya ware kuɗin mai, ya kai mota wurin bakanike a duba ta, amma bai yanke shawarar garin da rana za ta faɗi masa ba, balle gidan da iyali za su kwana da wurin da mota za ta kwana. Wannan yakan bar shi sai an ga yadda hanya ta yi. Ƙarshenta magariba ta riske shi tsakanin gari da gari, ga gajiya, ga yara suna kuka, ga fitilun manyan motoci suna kashe masa ido, sai ya ƙara wuta don ya isa, a daidai lokacin da ya kamata a ce ya riga ya sauke kaya ya watsa ruwa.

Magabata ba su yi wannan sakaci ba. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja daga Kano da Katsina, suna kai kanwa da tufafi da fatu Salaga su komo da goro, tafiyar watanni suke yi, amma kowace safiya madugu ya san zangon da ayarinsa zai sauka. Jagaba yana gaba yana duba hanya, uban dawaki kuma yana kula da sha'anin sauka da kuɗin da ake biyan sarakunan ƙasashen da aka ratsa. Da asuba ake ɗaura kaya, tun da sauran rana kuwa an sauka, domin akwai aiki a gaba. Za a kafa bukkoki, a shayar da jakuna, a yanko musu ciyawa, a yi musu dabaibayi, sa'an nan a tara kaya wuri ɗaya a sa masu tsaro. Abin da madugu ke nema a zango shi ne ruwa, da abincin dabbobi, da aminci. Biranen ma suna da tasu doka, gama da faɗuwar rana sarkin ƙofa yake rufe ƙofar gari, wanda ya makara sai ya kwana a waje. Unguwar Fagge, a bayan ganuwar Kano, asalinta wurin saukar masu raƙuma ne daga Azbin da sauran ƙasashen arewa. Har yau sunan zango bai ɓace ba, ga shi nan a Zangon Daura da Zangon Katab, ga shi kuma a unguwannin Hausawa na biranen ƙasar Gana. Ko Turawan mulki da suka zo daga baya, barikokin saukar ma'aikatansu a kan tafiyar yini suka jera su.

Mota ta mai da tafiyar watanni ta kwanaki, amma ba ta soke wannan ƙa'ida ba. Magidanci shi ne madugun iyalinsa, motarsa kuma ita ce jakinsa. Wajibi ne ya zaɓi zango tun yana gida, ya kuma lissafta tafiyarsa da hasken rana.

Lissafin ba wuya. A Kano rana takan faɗi wajen ƙarfe shida a watannin Nuwamba da Disamba, takan kai kusan ƙarfe bakwai a Yuni da Yuli. A Sakkwato, da yake tana yamma, ana ƙara kamar rubu'in sa'a. Duhu kuwa ba ya jinkiri bayan faɗuwarta. Dokar hanya ta yardar wa ƙaramar mota gudun kilomita 100 cikin sa'a a kan tagwayen hanyoyi, 80 a kan sauran manyan hanyoyi, 50 kuma a cikin gari. To, amma wanda ya gina lissafinsa a kan waɗannan lambobi ya ruɗi kansa. Akwai ramuka, akwai shingayen bincike, akwai kasuwannin bakin hanya, akwai tsayawa salla da cin abinci, ga yara da uzurinsu wanda ba ya jira. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne matafiyi ya ɗauka zai ci kilomita 60 a kowace sa'a, ya tashi da gari ya waye, ya sa wa ransa la'asar ta same shi a masauki. Bisa wannan lissafi, direba ɗaya mai ɗauke da iyali bai kamata ya ɗora wa kansa fiye da kilomita 400 a yini ba. Sa'o'i biyun da ke tsakanin la'asar da magariba ajiya ce, ranar da taya ta fashe ko aka tarar da cunkoso, su za a ci. Har wa yau, kowane zango yana bukatar na ko-ta-kwana, watau wani babban gari da ke kamar tafiyar sa'a ɗaya ko biyu kafin a kai shi. Idan ƙarfe biyar ta yi ana can, to, a nan za a kwana, ko da an riga an biya kuɗin ɗaki a gaba. Asarar kuɗin ɗaki ana mai da ita.

A ɗauki misalin magidanci mazaunin Ikko wanda ke son ya nuna wa 'ya'yansa Zariya da Kano da Daura da Katsina. Zangonsa na fari da ya dace shi ne Lokoja. Tafiyar ta haura kilomita 500, ta Ibadan da Akure da Okene, ta wuce ma'aunin da aka faɗa, don haka ko dai a sami direba na biyu, ko a raba ta a kwana a Akure. Lokoja ba wurin kwana kurum ba ne. Nan Kwara da Binuwai suka haɗu, ana hangen mahaɗarsu daga kan dutsen Patti. Nan Lugga ya kafa tutar mulkin Ingila a kan Arewa ran 1 ga Janairu, 1900. Nan kuma Turawa suka riƙa kai sarakunan da suka tuɓe, ciki har da Sarkin Kano Alu, wanda ya rasu a can a 1926, da Sarakunan Zazzau Kwasau da Aliyu Ɗan Sidi, kaburburansu suna garin. Yaron da ya tsaya a wurin, in ya isa Kano da Zariya zai kalli fadojinsu da wani ido dabam. Mai bin wannan hanya a ƙarshen damina kuwa ya yi tambaya tukuna, domin a 2012 da kuma 2022 ambaliya ta shafe hanya a wajen Koton Ƙarfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye.

Daga Lokoja zuwa Kaduna, ta Gwagwalada da Zuba, an haura kilomita 350. Zariya tana gaba da kimanin kilomita 80, kuma a nan ne zuciya ke raya wa direba cewa ai saura kaɗan, a ƙarasa. Wanda ya iso Kaduna da azahar yana iya ƙarasawa. Wanda ya iso bayan la'asar ya kwana, da safe ya kai yara Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello, kana ya wuce. Dalilin wannan tsanani a fili yake. Aikin sake gina hanyar Abuja zuwa Kano, wanda aka soma a 2018, ya ɗauki shekaru, duk inda ake aiki kuwa akan haɗe masu zuwa da masu komowa a hannu ɗaya. Hanyar Abuja zuwa Kaduna ta sha fama da masu satar mutane, galibi daga yamma zuwa dare. Daɗin daɗawa, akwai wurare irin su Tafa da Mararrabar Jos inda tireloli da tankokin mai suka saba kwana jere a bakin titi, wasu rabin jikinsu a kan kwalta, ba fitila, ba alama. Da rana ana ganinsu a kauce. Da dare, musamman lokacin hazo daga Disamba zuwa Fabrairu, direban da fitilar wata mota ta kashe wa ido ba ya ganin bayan tirela sai ya zo dab da ita, ƙaramar mota kuwa in ta shige ƙarƙashin tirela da wuya a fitar da mai rai. Kada kuma mai iyali ya tsaya hutawa kusa da tankar mai, ko ya tsaya kallo inda ta faɗi. Abin da ya auku a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda mutum fiye da 150 suka rasu bayan tanka ta kama da wuta, ya ishi kowa gargaɗi.

Da an isa Zariya sai wata matsalar ta taso, ita ce inda za a ajiye mota da rana. Ya kamata baƙo ya san cewa kusan kowane tsohon birni a Arewa gari biyu ne a haɗe. Akwai cikin ganuwa, inda fada da babban masallaci da tsohuwar kasuwa suke, akwai kuma unguwannin waje waɗanda suka kafu bayan zuwan jirgin ƙasa da mota. A Zariya su ne Tudun Wada da Sabon Gari, da Samaru inda Jami'ar Ahmadu Bello ta zauna tun 1962. Masaukan baƙi da gidajen mai da garejoji yawancinsu a waje suke, abin kallo kuwa a ciki. Lungunan cikin birni an fitar da su ne domin mai tafiya a ƙasa da jaki da doki. Babbar hanyar da ta shiga ta Ƙofar Doka tana kai mota har fada da Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin shekarun 1830, amma wanda ya saki wannan hanya ya kutsa lungu, yana iya zuwa inda ba gaba ba baya. Filin ƙofar fada kuma, kome faɗinsa, ba tasha ba ce. Mutunci shi ne baƙo ya tsaya nesa kaɗan, ya sauko ya gai da dogarai, ya faɗi abin da ke tafe da shi, su za su nuna masa inda zai ajiye mota, su kuma gaya masa inda aka yarda a ɗauki hoto da inda aka hana. Matambayi ba ya ɓata.

Kano tana gaban Zariya da kimanin kilomita 150, ta Kwanar Dangora da Kura. Ita kam kwana ɗaya bai ishe ta ba, a ba ta biyu ko uku, kuma shawarar da ta fi kowace amfani ita ce mota ta huta a masauki muddin ana garin. Dubi inda abubuwan kallon suke. Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya gina a mulkinsa na 1463 zuwa 1499, da Gidan Makama mai ajiye kayan tarihi, da babban masallaci, duk suna kusa da juna, ana zaga su da ƙafa. Marinar Ƙofar Mata tana bakin titin da ba ya rabuwa da cunkoso. Kasuwar Kurmi tana tsakiyar unguwanni, rumfunanta a matse, mai ɗauke da kaya a ka ma sai ya karkata. Dutsen Dala kuwa gidaje sun kewaye gindinsa. Baƙon da ya ce sai ya kai motarsa bakin kowanne, zai ƙare yininsa yana neman wurin juyawa, hankalinsa rabi a kan tarihi rabi a kan madubin mota. Tun watan Janairu na 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin Kano, abin hawan jama'a shi ne adaidaita sahu. Maigida ya yi ciniki da guda ɗaya ko biyu na yini, zai fi kyau ma'aikatan masauki su samo masa wanda suka sani, direban ya kai su ya jira su. Kuɗin da zai biya bai kai na gyaran fenti ba, bai kuma kai tarar da jami'an KAROTA za su ci shi ba in ya ajiye mota inda aka hana. Wanda ya zama dole ya shiga da motarsa, ya nemi wurin ajiya mai shinge da mai tsaro, ya biya, ya karɓi takarda, kada ya toshe ƙofar gida ko ta shago ko bakin lungu, ko da na minti biyar ne, gama bai san mai naƙuda ko marar lafiyar da za a fito da shi ba.

Ranaku ma ba ɗaya suke ba. Ran Juma'a, tun daga tsakar rana har wajen ƙarfe uku, sahu kan fito har kan titi a kewayen manyan masallatai, motar da aka ajiye a nan da hantsi ba ta fita sai an watse. Safiyar Lahadi haka abin yake a titunan majami'u na Sabon Gari. Lokacin salla kuwa, ranakun hawa irin su Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, hanyoyin da sarki zai bi na dawaki ne, doki kuma in ya firgita da ƙarar bindiga bai san tsadar gilashi ba. Hawan sallar Kano ya shiga jerin al'adun duniya na hukumar UNESCO a watan Disamba na 2024, masu zuwa kallonsa suna da yawa, ɗakunan haya kuma sukan ƙare tun da sauran makonni. Amma mai shirya tafiya dominsa ya tabbatar za a yi, domin akwai shekarun da aka dakatar da shi, kamar 2020 saboda annoba.

Wannan ya kawo magana kan masaukin kansa. Yawancin mutane in sun buga waya otal, kuɗin ɗaki kawai suke tambaya. Mai mota yana da tambayar da ta riga wannan. Shin akwai fili a cikin katanga inda mota za ta kwana? Akwai maigadi da dare? Ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, kuma ana buɗe wa mai sammako? Ɗakin da ya yi araha amma mota ta kwana a titi ba araha ba ne, ranar da aka wayi gari an cire batir ko an fasa gilashi za a gane haka. Bayan wannan sai a tambayi ruwa da wuta da gidan sauro. Kada a tura kuɗi ga asusun wani mutum don kawai an ga lambarsa a intanet, sai an sami wani amintacce a garin ya je ya gani da idonsa. In an iso, maigida ya duba ɗaki kafin a sauke kaya, wanda kuwa ya iso da rana yana da ikon ya ce bai yi masa ba ya nemi wani, wanda ya iso da tsakar dare sai abin da aka ba shi.

Ajiye motar ma yana da ƙa'ida. A shiga da baya, hancinta ya dubi ƙofa, yadda in wani abu ya taso cikin dare ba sai an yi ta juyi ba. A zaɓi inda haske yake, inda kuma maigadi ke gani daga mazauninsa. Da damina a guji gindin tsohon itace da jikin tsohuwar katangar ƙasa da wurin da ruwa ke kwanciya. A kwashe duk abin da ido zai gani ta gilashi, takardun mota da lasin da inshora su kwana a ɗaki tare da mai su. Jarkar fetur ba ta kwana a ɗaki, ba a kuma ajiye mota dab da janareta. Akwai wata ɗabi'a mai kisa wadda ya kamata a faɗe ta a fili, watau mutum ya kwanta cikin mota, gilasai a rufe, inji yana aiki don sanyi, ko ya kwana a ɗakin da hayaƙin janareta ke shiga. Cikin hayaƙin nan akwai iskar guba marar launi marar wari, tana sa barci mai nauyi wanda ba a farkawa. Haka nan ba a barin yaro cikin rufaffiyar mota da rana ko na ɗan lokaci, balle a bazara, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40 a inuwa.

Wanda zai sauka gidan dangi ko aboki, ya sanar da su tun da wuri, ya faɗi yawan mutanen da ke tafe da shi, ya kuma ambaci motar. Gidajen cikin birni da yawa zaure gare su, ba ƙofar mota, mai masauki kuwa kunya ba za ta bar shi ya ce babu wuri ba. Gara baƙo ya tambaya da bakinsa, a nema masa wuri a gidan maƙwabci mai fili ko wani wurin da ake gadi, ya kuma sallami mai gadin da abin kirki. An ce baƙo raɓa ne, to, kada motarsa ta zama ita ce abin da unguwa za ta riƙa tuna shi da shi.

Daga Kano zuwa Daura kimanin kilomita 130 ne, ta Dambatta da Kazaure, mai bin hanyar ran Lahadi ya sani ranar kasuwar Dambatta ce. Daura ba ta da cunkoson Kano, rijiyar Kusugu, wadda labarin Bayajida da Sarauniya Daurama ya rataya a kanta, tana cikin gari ba nisa da fada, akwai kuma masu kula da ita da ke yi wa baƙi bayani. Yini ɗaya ya isa a ga Daura a wuce Katsina, kimanin kilomita 80 ta Mashi, a kwana a can inda masaukai suka fi yawa. Sai fa lokacin Sallar Gani, cikin watan Rabi'ul Awwal, sa'ad da garin ke cika maƙil, wanda ke son ganinta ya nemi wurin kwana tun da nisa. A Katsina abin da aka faɗa game da Zariya shi ne dai. A bar mota inda aka nuna, a taka zuwa hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta asalinta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, a ga Ƙofar Soro, a shiga tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, wanda yanzu gidan kayan tarihi ne.

Kome kyawun shiri, mota ƙarfe ce, tana iya tsayawa a daji. In haka ta faru, abu na farko shi ne a tura ta ta sauka daga kan kwalta gaba ɗaya, a kunna fitilun gargaɗi, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku da nisa a bayanta, a fitar da iyali su koma can gefe, kada kowa ya zauna a ciki ko ya tsaya a bayanta. Ganyen da direbobi ke karyowa su zuba a titi ba ya haske da dare, waɗanda kuma ke jera duwatsu su tafi su bar su, sun haƙa wa na baya rami. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana amsa kira a lamba 122, lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa baki ɗaya kuwa ita ce 112. Safaya mai iska, da jak, da tukunyar kashe gobara, da tocila, da ruwan sha, ba a barinsu gida don a sami wurin tsaraba. Tayoyi kuma a duba shekarunsu, akwai lambobi huɗu a jikin kowace, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekarar. Tsohuwar taya, ko zanenta bai goge ba, zafin kwalta na fasa ta.

Mai sauraro zai ce ina Sakkwato, ina Argungu? Lalle ziyarar tsofaffin birane ba ta cika ba sai an ga Hubbaren Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, da gidan tarihi na Waziri Junaidu, da gidan tarihin Kanta a Argungu, kimanin kilomita 100 daga Sakkwato. Amma ba daidai ba ne a liƙa su a wutsiyar wannan tafiya don taswira ta nuna akwai hanya daga Katsina ta Jibiya da Ƙauran Namoda. Shekara da shekaru 'yan bindiga sun addabi dazuzzukan Zamfara da yammacin Katsina da ƙasar Birnin Gwari, halin hanya kuma yana sauyawa daga mako zuwa mako. Sakkwato tafiya ce mai zaman kanta, kusan kilomita 400 daga Zariya ta Funtuwa da Gusau da Talatar Mafara. Mai niyyarta ya nemi labari wurin jami'an tsaro da direbobin tasha masu bin hanyar kullum, ya bi ta da tsakar rana lokacin da motoci ke kai da kawowa, kada ya bi gajeriyar hanyar da wayarsa ta nuna masa ta cikin ƙauyuka. In an ce masa kada ya bi, ya haƙura, ko ya hau jirgin sama ya yi hayar mota a can.

Saura safiyar tashi. Tun da yamma ake cika tanki, a biya kuɗin ɗaki, a tanadi tsabar kuɗi ƙanana domin wuraren da na'urar biya ba ta aiki, a kuma gaya wa maigadi lokacin fita don kada a tarar wata mota ta toshe hanya mai ita yana barci. Da gari ya waye, kafin a ta da inji, maigida ya zaga motar sau ɗaya. Ya duba ƙasa ko mai ko ruwa ya ɗiga, ya duba ruwan lagireto tun inji na da sanyi, ya taɓa tayoyi, ya leƙa ƙarƙashi da baya, domin ɗan akuya da ƙaramin yaro duk suna son inuwar mota. Sa'an nan ya buga waya ga wani na gida ya faɗa masa hanyar da zai bi da garin da zai kwana, da alkawarin zai sake kira in ya sauka. Daga Katsina zuwa Kano kimanin kilomita 170 ne, ta Charanci da Kankiya da Gidan Mutum Ɗaya da Bichi. Wanda ya fita ƙarfe bakwai zai shiga Kano da hantsi, in ya ga da hali ya wuce ya yi la'asar a Kaduna, inda ya riga ya kama ɗaki tun ran da ya biyo ta nan.